Rigar Doguwa

Zuwa ga ƙanwata Jela,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kin sauka lafiya, kuma jirgin bai juya miki ciki ba yadda mota take yi miki. Mu nan lafiya lau. Gwaggo, mahaifiyarki, ta ce in gaya miki hawan jinin ya sauka, amma ni da nake leƙa ta na san rabin ƙwayoyin suna ƙarƙashin matashin kai. Gwiwata tana nan yadda kika bar ta. In na taka keken ɗinki ita tana ƙara, keken yana ƙara, na rasa wanda zan fara zuba wa mai.

Ki gaida min Baffana, wato Kawunki, da matarsa, tunda a wurinsu kika sauka. Allah ya ba da sa'ar kwas ɗin, ki dawo mana babbar ungozoma. Ba zan ɓoye miki ba, da muka baro filin jirgi raina bai yi daɗi ba. A ce ke, da muka sa wa suna Jela a makarantar kwana saboda duk inda ni da Doguwa muka sa ƙafa kina biye da mu, ke ce za ki riga ni ganinta a can ƙasar da take zaune. Ni da muka haɗa gado mai hawa biyu da ita, muka haɗa akwati da bokiti, ina nan ina rage wa mutane wando.

To ga abin da ya sa na rubuto. Rigar da na ɗinka mata tana cikin shuɗiyar leda a ƙasan jakarki. Kafin ki kai mata ki goge ta, amma ta baya, kada dutsen guga ya taɓa aikin wuyan, don da hannuna na yi shi ba da keke ba. Kada ki ba mijinta ko 'ya'yanta su miƙa mata. Ki danƙa mata hannu da hannu, ki tsaya ta buɗe a gabanki, ki kalli fuskarta da kyau. Ban nemi awonta a wurin kowa ba. Tun ranar da na fara gyara mata kayan makaranta awonta yake kaina, kafaɗa da hannu da tsawo, kuma ina so ta san hakan. Ki rubuto min duk abin da ta ce, kada ki rage ko kalma.

Yayarki.

*

Zuwa ga Yaya,

Wa alaikumus salam. Na sami takardarki, na gode. Ina lafiya, sai ɗan mura da iskar nan ta sa min. Ki gaya wa Inna in ba ta sha maganin ba zan dawo in yi mata allura da kaina. Ke kuma ki riƙa ɗora ƙafar a kan benci in kina aikin hannu.

Kawu ya tsufa, Yaya, sumarsa ta yi fari fat. Gidansu ɗaki biyu ne a can saman bene, matakalar kuwa sai kin huta a hanya. A falo nake kwana, kan doguwar kujerar da ake buɗewa ta zama gado, sai kowa ya gama kallon labarai nake samun kwanciya. Matarsa tana da kirki, sai dai ba ta barin a buɗe taga. Asibitin da muke kwas yana da nisa, jirgin ƙasa nake shiga, kuma ɗakin haihuwarsu shiru kamar ba a haihuwa a ciki.

Na ga Doguwa. Ita da kanta ta zo ɗaukata ranar hutu, ta yi ta danna hon a ƙasa har maƙwabta suka leƙo. Muryarta tana nan, dariyar nan da take sa malamar ɗakin kwana ta fito da tocila tana nan. Ta rungume ni a bakin titi har na ji kunya. Ta kai ni kantin maganinta, ta nuna ni ga ma'aikatanta ta ce ga ƙanwarta. Daga nan muka wuce gida. Gida ne mai lambu a baya, ta shuka tumatir da na'ana'a a tsofaffin bokitai, kicin ɗinta kuwa ya fi shagonki girma. Muka zauna a nan muna shan shayi har hantsi ya zama la'asar. Mun tuna malamin lissafi mai saka takalmi kala biyu, mun tuna ranar da tankin ruwa ya fashe. Mu biyu muka yi ta dariya har mijinta ya leƙo ya tambaya ko lafiya. Ta ce duk ƙarshen mako nata ne, kuma akwai ɗakin babbar 'yarta da ta tafi jami'a, in na gaji da kujerar Kawu.

Saƙonki ya isa hannunta, ta gode ƙwarai.

Akwai wasu 'yan makarantarmu a garuruwan kusa, Doguwa ta ce za ta tara su don ni. Ki gaida matan shago.

Ƙanwarki Jela.

*

Jela,

Sallama da gaisuwa. Muna lafiya, Gwaggo ta fara shan magani tunda kika ambaci allura. Allah ya sawwaƙe murar.

Na karanta takardarki a tsaye, na sake karanta ta a zaune. Na san yawan matakalar Baffa, na san matarsa ba ta son taga, na san har irin bokitin da Doguwa take shuka tumatir. Rigar da na yi makonni a kanta, ina ture aikin masu biya, idona yana ruwa, ita ce ta sami layi ɗaya. Ta gode ƙwarai. Haka ake ce wa wanda ya miƙo gishiri. Ta buɗe a gabanki? Ta saka? Ta ga aikin wuyan, ta gane irin furen da na yi mata a gefen ɗankwalinta ne muna aji uku? Na ce ki kalli fuskarta, ke kuwa kika tsaya kallon kicin.

Sai kuma wannan "mu biyu" da kika rubuta. Tun yaushe kuka zama ku biyu? Ranar da tanki ya fashe kina kwance a ɗakin shan magani da ciwon ido, labari muka ba ki. Yanzu ke ce mai tuna mata. Kuma ta ce wa ma'aikatanta ke ƙanwarta ce. Ta gaya musu ta hanyar wa kika zama ƙanwar tata? A duk hirar da kuka yi daga hantsi zuwa la'asar ban ga inda sunana ya fito ba, ko dai ya fito ke ce ba ki rubuta ba.

Kishi nake yi, ba sai kin tambaya ba, kuma ban ga abin kunya a ciki ba. Kowa yana da mutum ɗaya da yake taƙama da shi, ni ita ce tawa. Shawarata kuma ki zauna gidan Baffa. Jininki ne, zai ji ba daɗi in kika kwashe jaka kika koma gidan da ya fi nasa faɗi.

Ina jiran amsa a kan rigar.

Yayarki.

*

Jela,

Gaisuwa. Ina fata lafiya ce ta sa shiru. Kullum sai na aika a duba akwatin gidan waya, ba komai. Jiya na je wurin Gwaggo, ta ce Baffa ya bugo mata, ya ce kin koma gidan Doguwa da zama saboda ya fi kusa da asibiti. A bakin tsohuwa zan ji wannan. Na yi murmushi na ce ai na sani, don kada ta ga an bar ni a baya.

Allah ya ba ku zaman lafiya, ku biyu.

Yayarki.

*

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, da gwiwa, da Inna. Tun takardarki ta farko ban sake samun komai daga gare ki ba, ko kin aika gidan Kawu ne? Na koma wurin Doguwa, ga sabon adireshin a bayan ambulan. Kawu da kansa ya ɗauko min jaka, ya ce bayansa ya huta da jin tausayina a kan kujera. Zan je can in duba ko akwai saƙo.

An yi taron da na gaya miki. Mun cika falon Doguwa. Mai Kuka ta zo, yanzu lauya ce, ba ta kuka sai dai ta sa wasu. Shugabar ɗalibai ta zo da jikarta, har yanzu in ta yi magana sai kin ji kamar ki miƙe tsaye. Tagwaye ɗaya ce ta zo, ɗayar Allah ya yi mata rasuwa, mun yi mata addu'a. Kowa ya tambaye ki. Sun ce ina Mai Allura, na ce kina nan da shagonki da ma'aikatanki, manyan mata suna layi. An rera waƙar makaranta, aka rasa mai tuna baiti na biyu.

Ga hoto na sa miki a ciki, mijin Doguwa ne ya ɗauka a lambu. Ita ce a baya ta dafa kafaɗata, kanta kawai ya fito.

Ƙanwarki Jela.

*

Jela,

Ina lafiya. Gwaggo tana lafiya. Gaisuwar ke nan.

Na ga hoto. Ban tsaya kan fuskar kowa ba, don tela ba fuska take fara gani ba. Rigar da ke jikinki tawa ce. Yadin da na zaga kasuwa na zaɓo ne, aikin wuyan da na tsiyayar da idona a kai ne. Ko cikin duhu aka miƙo min ita zan gane ɗinkina. Na ɗauko gilashina na kai hoton bakin ƙofa wurin haske, har matan shago suka tsayar da kekunansu suna kallona.

Kuma an yanke ta. Doguwa ta fi ki tsawo nesa ba kusa ba, rigar kuwa ga ta daidai idon sawunki. Layin furen da na jera a ƙasa babu shi, an datse. Kalmasar ta karkace, gefen hagu ya fi na dama sauka, wanda ya yi ta ko alli bai sa ba. Hannun an naɗe shi ciki an kama da zare, ga ƙullin nan yana leƙowa. Da wuƙar yanka albasa aka yi wannan aiki ko da me?

Yanzu na gane layin nan ɗaya. Saƙona ya isa hannunta, in ji ki. Wane saƙo? Gaisuwa ta baki kika kai, rigar kika riƙe. Kin je ƙasar mutane ba ki da abin fita kunya, kika buɗe ledata. Kika tsaya a gaban 'yan makarantarmu cikin kayan da na yi wa aminiyata, ita kuma tana dafe da kafaɗarki ba ta san nata ne ba. Ɗakin 'yarta kin samu, ƙarshen makonta kin samu, labarin tanki ma kin karɓe. Rigar ce kaɗai abin da na aika ya tsaya a madadina a gidan nan, ita ma ba ki bar min ba.

Da kin roƙe ni da na ɗinka miki. Ban faɗa wa Gwaggo ba saboda jininta, amma ki sani ban taɓa jin ciwon abu irin wannan ba. Ki gaya wa Doguwa gaskiya, ko ni in rubuta mata.

Yayarki.

*

Zuwa ga Yaya,

Wa alaikumus salam, ko da ba ki yi sallamar ba. Ina lafiya. Na je gidan Kawu na karɓo takardunki biyu, na dawo na tarar da ta ukun. A jere na karanta su a ɗakin hutun ma'aikata, na kasa shan shayin da na haɗa.

Ban saci rigarki ba. Na goge ta ta baya, na danƙa mata hannu da hannu, na kalli fuskarta kamar yadda kika ce. Ta yi murna, ta shafa aikin wuyan, ta ce hannunki yana nan. Furen ɗankwali ba ta tuna ba sai da na tuna mata. Sai ta shiga ɗaki sakawa, can na ji tana kirana. Na tarar rigar ta maƙale mata a kafaɗa, hannuwanta a sama, ba ta shiga ba ta fita. Yaya, Doguwa ta haifi 'ya'ya, ta yi jiki, ta ninka yadda kika san ta. Da ƙyar na zare mata. Na juya rigar in ga ko za a buɗa, na tarar ko rarar yatsa ba ki bari a ɗinkin ba, ke da kike yi wa ma'aikatanki faɗa kullum a kan barin rara. Kin tabbata da awonki.

Ta yi dariya har da hawaye, ta ce, "Allah sarki Mai Allura, ita har yanzu muna aji uku." Daga nan ta ce kada yadi mai kyau ya mutu a kabad, in ɗauka. Ita ta yanke ƙasan da almakashin kicin ranar taro, ni na naɗe hannun. Abin da na kasa rubuta miki ke nan, shi ya sa kika sami layi ɗaya.

Tana sonki, kada ki ce ba ta sonki. Amma yadda take son malamin lissafi da tankin ruwa da duk abin da ya shafi lokacin. Takan tambaye ni ke, kafin in gama amsa an kira ta daga kanti. Ni ma ba aminiyarta ba ce, baƙuwa ce daga gida, in na tafi wata za ta kwana a ɗakin.

Saura maganar hoto. Akwai wani da aka ɗauka ina bayan Mai Kuka, ba a ganin komai sai kaina. Na riƙe su biyun na daɗe, na zaɓi wannan, kuma na san za ki gane. So nake ki ga yadda ɗinkinki yake a jikina, don ba ki taɓa gani ba. Kin ce da na roƙa da kin ɗinka min. Sau nawa na kawo yadi shagonki? Sai ki ce ke ta gida ce, ki ajiye a ƙasan tebur, in an gama na mutane ki miƙa wa ɗaya daga cikin matan shago ta auna ni. Kayan aurena ma haka aka yi. Ni na karɓi haihuwar 'ya'yanki duka, ni na zauna da ke lokacin rasuwar mijinki, kullum na taso aiki a bencinki nake hutawa ina jin labarin Doguwa. Ban taɓa cewa komai ba, ai Jela ce.

Ranar taron kowa ya yaba rigar, na ce Yayata ce ta ɗinka. Ban ce wa wa ba. Na ji daɗi a ranar, kuma ba zan ba ki haƙuri a kan wannan daɗin ba. In kina son rigarki zan dawo miki da ita.

Ƙanwarki.

*

Zuwa ga ƙanwata,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya. Gwaggo tana gaishe ki. Gwiwa da sauƙi. Na daɗe ban amsa ba, na sani. Na fara takarda na yaga ba sau ɗaya ba.

Maganar Doguwa ta yi min zafi, har yanzu tana yi. Almakashin kicin. Ki gaishe ta, ki ce na ji ta yi jiki, Allah ya ƙara lafiya. Ba zan rubuta mata ba. Rigar kuma ki riƙe, amma kada ki sake fita da ita da wannan kalmasar, mutane za su ce ni na yi.

Shekaranjiya na je kasuwa na sayo yadi, ruwan ganye mai duhu, don ke baƙa ce zai haska ki. Na rufe shago da wuri na sallami kowa, na shimfiɗa shi a tebur, na ɗauki alli. Niyyata in gama kafin ki dawo, ki tarar da ita a rataye, in ga ko za ki sake cewa wani abu. Na tsaya da allin a hannu. Na san tsawon hannun matar da rabona da ita tun muna 'yan mata, ke kuwa da kike zama a bencina kullum ban san faɗin kafaɗarki ba. Na rufe ido in gano ki a tsaye, sai fuskarki kawai nake gani. Na zauna a bencin na yi kuka.

Ki nemi tef ki aiko min da awonki, kafaɗa da ƙirji da ƙugu da hannu da tsawo. Ki tsaya a miƙe, kada ki shanye ciki. Matar Baffa ta auna ki, ban yarda Doguwa ta riƙe tef ɗin ba. Yadin yana kan tebur, ban yanka ba.

Yayarki.